Mil Arba'in Gabas da Hanya

A karo na uku da jirgin kayan kamfanin ya fito daga tsakiyar teku mil arba'in gabas da hanyar da aka ba shi, hukumar sufurin sama ta daina aiko da gargaɗi. Ta kira Kyaftin, ta karɓi lasisinsa ta kulle a durowa, ta ce ranar Litinin za a zauna. In an zo da dalilin da hankali zai ɗauka, ya karɓi abinsa. In babu, ya nemi wata sana'ar, don sararin teku ba filin ƙwallo ba ne. Kowane jirgi da layinsa, kuma a wannan karon wani jirgin fasinja ya hango shi kusa fiye da yadda ake so.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Jirgi ɗaya ne, tsoho, sai rumfar kaya, ofis mai ɗaki biyu, da wurin cin abinci mai teburin ƙarfe ɗaya. Ma'aikatan ba su kai ashirin ba, amma kafin rana ta raba an samu masu laifi sun fi talatin a kan teburin nan, har da waɗanda suka bar aiki da daɗewa.

Maigida, wato mai kamfanin, shi ya fara cewa zagon ƙasa ne. Tsohon ɗan kasuwa ne wanda bai taɓa tuƙa ko amalanke ba, amma yana son jirgin nan kamar ɗan cikinsa. Ya tsaya a tsakar ofis yana nuna kamfanin da ke tsallaken shinge da sandarsa, yana cewa su ne suka sayi wani a cikin gida. In kuwa ba su ba ne, to idon wani ne ya fara mutuwa. Bai kama suna ba, amma kowa ya san da wa yake, don Kyaftin surukinsa ne, kuma tun ranar da ya auri 'yarsa Maigida yake jiran ya ga inda zai yi kuskure.

Matar Kyaftin ita ke riƙe da ofis. Ta saurari mahaifinta har ya gama, ta dubi mijinta da ya sunkuyar da kai kamar ɗan makarantar da aka kama da barci, sai ta fita bayan rumfa ta buga wa goggonta waya.

*

Goggo ƙanwar Maigida ce, autar gidansu. Ta ƙare aikinta a hukumar sufurin sama tana bin sawun jiragen da suka ratse hanya, har sunan Mai Bin Sawu ya bi ta. Yanzu ta yi ritaya, tana kiwon zomaye, kuma ta ce sun fi matuƙa jirgi faɗin gaskiya. Ta iso da jaka ɗaya da tabarau rataye a wuya.

Maigida bai yi murnar ganinta ba.

"Auta, wa ya kira ki?"

"Jirginka, Yaya. An ce ya fara yawon dandi."

Ta nemi a kai ta gaban tsohuwar taswirar da ke bangon ofishinsa, ta sa Kyaftin ya nuna mata abin da ya faru. Tafiyar daga arewa zuwa kudu ce, rabinta a kan ruwa. A can ƙarshen tekun, da zarar na'urar hangen jirage ta ƙasar da za su sauka ta kama su, sai a gan su a gefe. Sau uku ke nan a cikin wata biyu. Sauran tafiye-tafiyen lafiya lau, dawowa kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa samun matsala ba.

Don matar Kyaftin ta gane, Goggo ta yi bayanin dalla-dalla. Tsohon jirgi ne, ba ya magana da tauraron ɗan'adam, saboda Maigida ya ce jirginsa ya san hanya tun kafin a harba taurarin. Abin da yake da shi na'urori uku ne masu lissafin tafiya. Kafin a tashi, matuƙi yana gaya musu inda jirgin yake tsaye da lambobi biyu, ɗaya ta arewa da kudu, ɗaya ta gabas da yamma. Daga nan su ke ƙirga kowane motsi, kamar makahon da ke ƙirga takunsa daga ƙofar gida. A kan ƙasa akwai tashoshin rediyo da ke gyara musu lissafi. A kan teku babu kowa, sai su da abin da aka gaya musu.

Ta ce irin waɗannan na'urori suna yin kuskure, ba wanda ya musa. Amma kuskurensu ba shi da tarbiyya: yau mil biyu dama, gobe mil biyar hagu, kuma ukun ba sa haɗa baki. Ta tambayi Kyaftin ko nasa sun yi gardama da juna.

"Ko kaɗan, Goggo. Ukun bakinsu ɗaya. Har muka fito daga ruwa suna rantsuwa muna kan layi."

"Kuma kullum gabas?"

"Kullum gabas. Kullum arba'in."

Goggo ta ce to wannan ba kuskure ba ne, biyayya ce. Ta zari tsinke ɗaya daga tsintsiyar da ke jingine a lungu, ta auna tsakanin layin da aka ba jirgin da inda aka gan shi, ta karya tsinken daidai, ta soke shi a ɗankwalinta. Maigida ya ce da ya san binciken tsintsiya za a yi da bai bari an ɓata kuɗin waya ba.

Kafin ta fita ta dubi Kyaftin da kyau. Mutum ne mai furfura a gefen kai, wanda tun yana saurayi bai san komai ba sai tuƙi. Hannunsa na ta komawa aljihun rigar da lasisin ke zama, yana taɓa wurin yana janyewa. Ta ji tausayinsa ƙwarai, amma ba ta nuna ba, don tausayi ba ya cikin kayan aikinta.

*

Wanda teburin ƙarfe ya fi zargi shi ne Makanike. An gan shi, in ji masu gani, yana tsallaka shinge zuwa wancan kamfanin da yamma, yana dawowa da fara'a.

Goggo ta same shi a ƙarƙashin fiffike, bakin mai har kunne. Ya ce na'urorin nan ya cire su ya mayar, ya sauya biyu, ya gwada su har sun gaji da shi. In an samu laifi a cikinsu, a rataye shi da wayar batir. Da ta tambaye shi maganar shinge sai ya yi ta goge sifanar da ba ta da datti. Daga ƙarshe ya amsa cewa talabijin ɗin wancan kamfanin ya fi nasu girma, kuma ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ta fara cin wasa bayan shekaru tana ba shi hawan jini. Ya roƙe ta kada ta gaya wa Maigida, don a wurinsa kallon ƙwallo a gidan abokin gaba ya fi zagon ƙasa muni.

Na biyu shi ne Mataimaki, matuƙin da ke zama a hannun daman Kyaftin. An ce kujerar hagu, wato ta Kyaftin, yake so. Goggo ta tarar da shi a ɗakin ajiye kaya yana gugar rigar aikin da babu ranar sa ta. Ya ce shi kujerar hagu yana sonta, ba zai yi ƙarya ba, amma ba ta hanyar faɗawa teku ba, tunda duk inda Kyaftin ya faɗa shi ma yana ciki.

Ta tambaye shi yadda suke shigar da lambobin. Nan ya miƙe da alfahari. Ya ce a wajen Kyaftin ba a wasa. Kyaftin ya karanta ya buga, shi kuma ya karanta da kansa ya tabbatar, sannan su sake faɗa wa juna da baki. Ya ce har ba'a ake musu a filin jirgin, wai kamar masu ɗaura aure. Goggo ta ce madalla. Ba ta tambaye shi daga ina suke karantawa ba, don ita ma a lokacin hankalinta bai kai nan ba.

Akwai kuma maganar lasifikoki. Wani ya tuna cewa a tafiya ta biyu an ɗauki manyan lasifikokin biki, masu maganaɗisu kamar faranti. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, don lasifika ba ta da dangi a kamfanin. Sai dai Goggo ta ce na'urorin lissafi ba ruwansu da maganaɗisu, kuma a tafiya ta farko busasshen kifi aka ɗauka, a ta uku takalman roba. In dai ba kifin ne ya ja jirgin don ya ga gida ba, a bar maganar.

*

Da aka rasa manya sai aka koma kan Mai Shara, kamar yadda aka saba. Mai abinci ce ta gano, da zuciya ɗaya, cewa duk ranakun da jirgin ya ɓata, Mai Shara ce ta share ɗakin tuƙi. Kafin Goggo ta iso gare ta, maganar ta riga ta iso, ta same ta zaune a kan bokiti tana huci.

Ta ce ita maɓallan nan ko da kuskure ba ta taɓa su. Da gashin kaza take kaɗe ƙura, daga nesa, tana addu'a. In da tana da ikon juya jirgi mil arba'in da tsumma, ai da ba shara take ba.

Goggo ta zauna kusa da ita a kan wani kwali, ta tambaye ta sauran ranakun wa ke sharewa. Mai Shara ta ce masu sharar filin jirgin. Ita katin izinin shiga da ke wuyanta iyakarsa rumfar kamfani. Yawancin lokaci jirgin a can babban fili yake tsayawa, nesa, inda sai da mota ake zuwa, kuma ba a barinta ta je. Sai in kayan na da nauyi ko suna tsoron rana ake jawo shi nan jikin rumfa, wurin tsayawa mai lamba uku. Ranar ce kawai take shiga.

"Wato duk ranar da kika share, a lamba uku ya kwana."

"A nan ya kwana, a nan ya tashi. Ni dai inuwa nake samu, shi ne ribata."

"Da can ma kina sharewa a lamba uku, ba ya ɓata?"

"Shekara da shekaru. Sai kwanan nan ya koyi iskanci."

Goggo ta yi mata godiya, ta ce ta ci gaba da amfani da gashin kazarta.

*

Matar Maigida ta aiko a ce wa Goggo in ba ta zo cin abincin rana ba kada ta ƙara kiranta matar yaya. Goggo ta je. Ta tarar da gidan ya yi fayau, har tana tambaya ko an ƙara gini ne. Matar ta ce ba gini, shara ce. Wata biyu da suka wuce ta buge babban ɗan yatsanta da tarkacen da yayan Goggo ke tarawa a ƙarƙashin gado, farcen ya fita, ta ce masa ko tarkacen ko ita. Tsofaffin tayoyi, fitilun da ba sa kamawa, ƙarafa, duk abin da ya kwaso daga tsohon filin jirgin da ya fara sana'a kafin a rufe shi. Ya yi kwana biyu yana tunani, abin da har yanzu ba ta yafe masa ba, sannan ya loda su a mota ya fita da su. Ba ta tambayi inda ya kai ba, kada ya ɗauka kewarsu take.

Goggo ta ci, ta yaba, ta koma ofis. Ta tarar da Maigida ya tara mai gadi da direba yana tsara yadda za a yi wa wancan kamfanin kwanton ɓauna. Ta wuce su ta tsaya gaban taswira, ta ciro tsinkenta tana wasa da shi. Ta ɗora kansa a kan filin jirgin da suke, ta juya shi gabas, ya faɗa cikin daji. Ta juya shi yamma. Ɗaya kan ya sauka daidai a kan wani ɗan da'ira da aka zana da jan biro tun tuni, har jan ya koɗe. Ta ɗaga tsinken ta sake ɗorawa, ya sake sauka a wurin.

Ta san da'irar. Tana budurwa ta sha kai wa yayanta abinci a can, lokacin da duk dukiyarsa jirgin haya ɗaya ne da teburin katako.

Ta cire tabarau ta goge, don dariya ta sa mata hawaye. Maigida ya tambaye ta abin dariya a cikin masifa. Ta ce ya tara mata kowa a lamba uku, har da mai abinci, kuma a ce ta zo da teburinta.

*

Suka taru a inuwar rumfa, gaban jirgin da ke tsaye da hancinsa a bango. Makanike ya ɓuya a bayan Mataimaki. Mai Shara ta zo da tsintsiyarta kamar mai shirin kare kai. Mai abinci da mai gadi suka ajiye teburin ƙarfe suna haki. Maigida ya zauna a kujerar da aka kawo masa, ya ɗora hannu biyu a kan sanda, fuskarsa irin ta mai jiran a miƙo masa ɓarawo.

Goggo ta fara sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Makanike ba shi da laifi sai na zaɓen ƙungiya. Mataimaki yana da buri, amma buri ba ya tuƙa jirgi. Mai Shara kuwa ita ce ma ta nuna hanya. Sannan ta juya ga Kyaftin ta tambaye shi, in jirgi na babban fili, daga ina yake karanta lambobin inda yake tsaye. Ya ce daga littafin filin jirgi, tunda can babu bango. In yana nan fa? Ya ɗaga hannu ya nuna, ba tare da ya duba ba.

Kowa ya ɗaga kai. A bangon, daidai tagar ɗakin tuƙi, akwai allon ƙarfe shuɗi mai ƙatuwar lamba uku fara, da layi biyu na ƙananan lambobi a ƙasa. Irin allon da ake kafawa a kowane wurin tsayawa ne don matuƙi ya karanta daga kujerarsa. Kyakkyawa ne, irin ƙirar da, gefensa ya ɗan ci tsatsa. Kusoshinsa huɗu kuwa sababbi ne fil, kuma kewaye da shi fentin bangon ya fi haske, alamar wani abu mafi faɗi ya taɓa zama a wurin.

Goggo ta sa aka kifar da teburin mai abinci. A ƙarƙashinsa, tsakanin tabon mai da cingam, ga lamba uku baƙa a kan rawaya, da nata layi biyun. Mai abinci ta rantse cewa a bayan rumfa ta tsince shi, ta ga ƙarfe mai kyau yana lalacewa, ta sa aka yi masa ƙafafu.

Mataimaki ya karanta na bango, ya karanta na tebur. Layin farko kusan ɗaya ne. Layi na biyu ya bambanta. Ya zauna a ƙasa da gogaggen wandonsa.

Goggo ta ce allon da ke bango gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar wani wuri. Na tsohon filin jirgi ne, mil arba'in yamma da nan. Filayen biyu kusan a layi ɗaya suke ta arewa da kudu, kuma wannan lambar ce kaɗai na'urorin ke iya tantancewa da kansu. Ta gabas da yamma duk abin da aka ba su haɗiyewa suke. Duk ranar da jirgi ya kwana a lamba uku, ana gaya masa yana tsohon gida. Yana kan ƙasa tashoshin rediyo su rufa masa asiri. Da ya hau ruwa sai ya koma kan abin da aka gaya masa da safe, ya bi hanyarsa tsaf, mil arba'in a gefe.

"Saura mu san wanda yake da allon tsohon fili a ƙarƙashin gadonsa," in ji ta. Ba ta dubi kowa ba. Mai gadi ne ya dubi direba, direba ya dubi tsani da ke jingine a lungu, sannan su biyun suka dubi sama.

Maigida ya gyara murya. Da muryar ta fito, ƙarama ce, ba irin wadda aka sani ba.

"A ƙarƙashinsa na loda kayana na farko. Uku ce, nan ma uku ce. Na ga wancan rawayan ba shi da kyau." Ya dubi allon. "Ƙananan lambobin na ɗauka na masana'antar da ta ƙera shi ne."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Makanike ya sha wuya kafin ya danne tasa.

Kyaftin ne ya matso, kansa a ƙasa. Ya ce Goggo ta yi haƙuri a bar maganar a nan. Shi ne matuƙi, shi ya buga lambobin, ranar Litinin zai ce kuskurensa ne. Ba zai tsaya a gaban baƙi ya nuna Baba da yatsa ba.

Goggo ta ce kason laifinsa yana nan ba wanda zai cinye masa. Mutum biyu su karanta allo ɗaya ba tantancewa biyu ba ce, kuskure ɗaya ne da shaidu biyu, kuma littafin yana gefen gwiwarsa bai buɗe ba. Amma in ya je ya ce hannunsa ne ya kauce sau uku, gefe ɗaya, nisa ɗaya, hukuma za ta ce ko maƙaryaci ne ko mara lafiya, kuma duka biyun ba a ba su jirgi. Ita za ta faɗi abin da ta gani. Sai dai su mutanen hukuma ta san su, ba za su yarda da labarin allo ba sai sun ga wanda ya kafa shi.

Matar Kyaftin ta ɗago kai. Mahaifinta kawai take kallo. Maigida ya miƙe, ya ce shi ba a taɓa tsayar da shi a gaban kowa ba tunda ya girma, ya shiga mota ya ja ƙofa. Direba ya ruga ya bi shi.

*

Ranar Litinin ba a ga Maigida a ofis ba, a gida kuma aka ce ya fita tun da safe. Allon ma ba ya bango.

A zauren hukuma mutum uku ne a bayan dogon tebur, shugabarsu wata mace da Goggo ta koya wa aiki. Ta saurari bayanin da ladabi, ta dubi hotunan da Goggo ta ɗauka, ta dubi tsinken tsintsiyar da aka ajiye mata a kan farar takarda. Sannan ta ce labarin ya yi kyau, har ya yi kyau da yawa. Ina allon? Wa ya kafa shi? Ta juya ga Kyaftin ta tambaye shi kai tsaye. Kyaftin ya dubi takalmansa ya ce shi bai ga lokacin da aka kafa ba. Matarsa ta runtse ido. Shugabar ta ja durowa ta dubi lasisin, ta mayar ta rufe.

A lokacin ne aka ji ana gardama da mai tsaron ƙofa, ana cewa ba a shiga da ƙarfe. Maigida ya shigo da rigarsa ta zuwa biki, allon a rungume a ƙirjinsa, naɗe da tawul. Ya ajiye shi a kan teburin a hankali, ya tsaya ba tare da sanda ba.

"Ranki ya daɗe, ni na ɓatar da jirgin. Ban iya tuƙi ba, amma sau uku na kai shi inda ba a aike shi ba. Wannan yaron abin da na rataya masa ya karanta. Ya san cewa ni ne na kafa, ya ƙi faɗa. In akwai abin karɓewa, a karɓi nawa."

Suka yi masa tambayoyi, ya amsa duka, har da maganar farcen matarsa, wadda ba a tambaye shi ba. Ɗaya daga cikin mazan ya yi ta tari a cikin hankici. Daga ƙarshe aka yanke cewa Kyaftin da Mataimaki za su koma aji na ɗan lokaci su sake koyon tantance lambobi daga wuri biyu, kamfanin zai sa wa jirgin na'urar tauraron ɗan'adam, Maigida kuma ba zai ƙara kafa ko ƙusa ba a filin jirgi sai da izini. Shugabar ta buɗe durowa ta miƙa wa Kyaftin lasisinsa. Ya karɓa da hannu biyu.

Maigida ya kai hannu zai ɗauki allonsa. Aka ce masa a'a, ya zama shaida, yana hannun hukuma. Tawul ɗin kawai aka ba shi.

A waje ya zauna a kan matakala, yana ninke tawul ɗin yana warwarewa. Goggo ta ja matar Kyaftin gefe, ta ce a bar su. Kyaftin ya daɗe a tsaye kafin ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, lambobin suna kaina. Na buga su har na haddace. Duk ranar da kake so zan kai ka daidai inda allon yake a da."

"An ce wurin gonar kabeji ce yanzu."

"Sai mu je mu gaida kabejin."

Maigida ya share fuska da tawul ɗin, ya daɗe yana sharewa. Sannan ya miƙa hannu, surukin ya ɗaga shi.

"Yau za mu je, a mota. Kai za ka tuƙa," in ji shi. "Amma ni zan nuna hanya."

Kyaftin ya ce to, Baba, ya buɗe masa ƙofar gaba.